Sakatar Waje

Rana ta yi ja lokacin da Rufa'i, shugaban masu gadi, ya jefa wa Ghali tarin makullai. Ya ce ya je ya duba tsohon gidan nan na bayan unguwar Fereej Abdel Aziz a Doha, ya tabbatar babu kowa a ciki, ya kulle, don gobe masu rusau za su zo. Ghali ya ce ai magariba ta kawo jiki. Rufa'i ya kwashe da dariya, ya ce ƙato da shi yana tsoron kango sai ka ce amarya, yalla, maza ya wuce.

Ghali ya biya ta shagon Baba Moidu, tsohon Ba'indiye mai shayi, don ya cika butarsa da ruwan alwala. Da tsohon ya ji inda za shi, sai ya ajiye ludayi.

Duk unguwar an san abin da ya zaunar da Baba Moidu a Doha. Zamanin da Turawan Ingila ke riƙe da Indiya, wani kamfaninsu ya kwaso lebura a jirgin ruwa ya kawo su wannan gaɓar, har da kakansa, mutumin da igiyar jirgi ta cire wa babban yatsan dama. Kakan bai koma gida ba. Kamfanin ya aika gida cewa ya gudu ne da abokansa, kakarsa kuwa ta mutu ana yi mata gorin matar da miji ya tsere wa. Baba Moidu ya tsufa yana bin tsofaffin matuƙan jirgi da tambaya, har wani ya ce masa a gidan nan ake kwantar da leburan, kuma da rana ta faɗi mai gadi yake rufe su ta waje. Shi dai ba a taɓa barinsa ya shiga ba.

"Ɗana," ya ce a hankali, "in ka shiga, ka duba mini ƙofofin."

Gidan na dutse ne da laka, dogayen benaye sun kewaye shi sun tare masa iska. Ghali ya bi ɗakunan, ba komai sai kashin tattabaru da tsofaffin kwalaye. A can ƙurya ya tarar da wani ɗaki mai ƙofar katako mai kauri. Sakatarta ta waje ce, ƙarfe kamar damtsen mutum. Ta ciki babu ko abin kamawa. Ya shiga, ya haska bayan ƙofar da wayarsa.

Katakon duk a kankare yake, daga tsayin ƙirji har ƙasa. Ba aikin gara ba ne. Farce ne.

Ƙofar ta rufe a bayansa ba tare da iska ba. Ya ji sakatar tana jan jiki, ƙiiii, har ta shige gurbinta. Hasken wayar ya mutu.

Ya kira sunan Rufa'i, yana zaton tsokana ce. Shiru. Ya bugi ƙofar da kafaɗa, kamar ya bugi dutse.

Sai zafi ya taso, irin na tsakiyar bazara. Warin gumi, da man kwakwa, da kananzir. Ɗakin da ya gani babu kowa, yanzu ya cika da numfashi. Wani na tari a kusurwa. Wani na nishi dab da ƙafarsa.

"Chowkidar."

Haka Indiyawan wurin aikinsu ke kiran mai gadi. Muryar a bushe take, kamar ana goga takarda a ƙasa.

"Chowkidar, pani."

Ruwa suke roƙo.

Ya soma Ayatul Kursiyyu. Ya ja da baya, makullan ƙugunsa suka yi ƙara. Nan take numfashin ya matso. Ya sake motsi, suka sake ƙara, aka ƙara matsowa, har yana jin hucin bakuna a wuyansa.

A nan ya gane. Kakin jikinsa, da makullan nan. Mai gadinsu suke jira, sun ɗauka shi ne.

Ya kwance makullan ya sake su a ƙasa. Ya fizge rigar kakin, maɓallai suka watse.

"Wallahi ba ni na rufe ku ba," ya raɗa da Hausa. "Ni ma kawo ni aka yi."

Ya miƙa butar cikin duhu.

Wani hannu ya kama wuyan hannunsa. Mai zafi, busasshe. Yatsu huɗu. Inda babban yatsa ya kamata ya dafa, babu komai.

Aka zare butar.

Ya ji ana sha. Maƙogwaro na haɗiya, ana miƙa wa na gaba, na gaba yana miƙa wa na gaba. Ko ɗigo bai faɗi ƙasa ba.

Iska ta ƙare masa. Ya zube ƙasa.

Can nesa, ladan ya ɗaga murya. Sakatar ta yi ƙara, ƙofar ta buɗe, ya faɗo waje da rarrafe a gaban ƙafafun Baba Moidu, wanda ya biyo sawunsa da ya ga ya daɗe. Tsohon ya haska cikin ɗakin. Ba kowa, sai riga, da makullai, da buta a tsaye tsakiyar ɗaki, cikinta a bushe ƙamas.

Ghali ya juyo wurin tsohon. Ya ɗaga hannunsa kawai. Shatin yatsu huɗu ya fito raɗau a fatarsa.

"Bai gudu ba, Baba," ya ce da ƙyar.

Tsohon ya durƙusa, ya ɗora tafinsa a kan kankararren katakon, ya daɗe bai tashi ba.

Limamin masallacinsu ya ce matattu ba sa dawowa, aljanun gida ne kan riƙe muryar abin da suka shaida. Ghali bai yi musu ba. An rushe gidan, Baba Moidu ya sayar da shagonsa ya koma ƙasarsu, ya ce akwai kabarin kakarsa da zai je ya tsaya a kai.

Da aka mayar da Ghali gadin masaukin leburan kamfaninsu, Rufa'i ya miƙo masa kwaɗo, ya ce bayan isha'i ya rufe ƙofar shiga ta waje, haka ake yi. Ghali ya dubi kwaɗon, ya dubi wuyan hannunsa, ya tura hannayensa cikin aljihu.

"Oga, khalas, na gama," ya ce. "Ka nemi wani."