Kujerar Gaba

Duk wanda ya sake ce mini in tausaya wa Fataw, wallahi sai mun ɓata. Kuna ganinsa a bakin titi, ƙafa duk faso, kuna ta wayyo bawan Allah. Ni na san abin da ya taka. Ku zauna ku ji, in kun gama ji, wanda tausayinsa ya rage sai ya kai masa.

Sunana Mahamudu, amma Masta ake kirana, fita ne ni, wato makanike, a Sabonjida, shekara talatin ba ɗaya ina cikin baƙin mai. Abin da aka fi sanina da shi raka mutane gwanjon motoci. A Tamalen nan ƙungiyoyin agaji da ma'aikatu kan tara tsofaffin motocinsu a fili guda a sayar wa wanda ya fi tayi. Dokar wurin ba ta da yawa. Ka leƙa, ka buɗe bonet, amma ba za ka tuƙa ba, kuma in guduma ta faɗi, yadda ka gani haka za ka ɗauka, ba a mayarwa. Shi ya sa ake ɗaukata. Ni ba fenti nake kallo ba. Ina shinshina mai, in shafa bakin salansa, in duba yadda ƙafar direba ta cinye robar birki, sai in ce wa mutum kada ya wuce kaza. Kuɗin da aka kira a fili daban, abin da motar ta isa daban.

Fataw mijin ƙanwata Zuweira ne, 'yarsu ɗaya, Maltiti. Mutum ne mai zafin kai, wanda ba ya son a ce wani ya fi shi hannu. Wata rana na raka shi, na nuna masa wata fikof, na ce, "Suruki, sidi dubu arba'in, ko kwabo kada ka ƙara." Ana cikin tayi wani dillali ya dube shi ya yi dariya. Shi ke nan fa, Fataw ya ɗaga hannu bai sauke ba sai a dubu saba'in. Motar ko unguwar Aboabo da ke nan kusa ba ta kai ba injin ya buga. Jarin atamfar Zuweira ne kaf ya tafi a ciki. Maimakon ya ji kunya, ni ya zaga, wai idona ya mutu.

Bayan mako biyu ya zo garejina da murya a ƙasa, wai bayansa ke ciwo, in kai shi wurin wani mai magani can gaba da Gbalahi. Na ɗauke shi a babur ɗina. Da ƙafata na tayar, da hannuna na tuƙa, wannan kam har in mutu ba zan yafe wa kaina ba.

Rana tsaka muka isa. Bukka ce guda a gindin wata kuka, ba gida kusa, ko kaza ba ta kiwo a wurin. Ni na tsaya a bakin ƙofa, amma ina gani, ina ji. A tsakiyar ɗakin akwai wata baƙar tukunya da aka binne rabinta a ƙasa, gashin tsuntsu ya manne a jikinta da busasshen jini. Bayanta kuwa tarin takalma ne har kusan rufi, na maza, na mata, na roba, na fata, kowanne dunduniyarsa ta cinye. Wari irin na tsohon zufa ya cika wurin. Tsohon da ke zaune gefen tukunyar siriri ne, ba ya ƙifta ido.

Ya ce, "Ba baya ke damunka ba. Faɗi."

Fataw ya ce, "Baba, mota nake saye a gwanjo. Ina so duk ruɓaɓɓiyar da na saya ta koma sabuwa."

"Ana yi. Amma tafiyar da mota ta yi ba ta ɓacewa. Ana sauke ta ne, a ɗora wani wuri."

"A ɗora ko ina ne, ba ruwana."

"Ba za ka tambayi farashi ba?"

"Nawa ne?"

Tsohon ya yi murmushi, haƙoransa biyu rak. "Ni ba na karɓar sidi. Ka bar mini takalminka. Wannan layar ka sa ta ƙarƙashin kujerar gaba. Ranar da ka sayo mota, kada ka shiga gida da kujerar nan babu kowa. Ka ɗauki naka na gida, wanda ke ci daga tukunyarka. Sauran bayanin..."

"Na yarda."

"Ban gama ba."

"Baba, na ce na yarda!"

Tsohon ya ɗauki wani ƙashi ya ɗaga sama kamar mai gwanjo. Ya ce, "Akwai wani dillali da ya zo jiya, shi ma yana so. Ɗaya." Ya dubi Fataw. "Biyu."

"Na saya!"

Ƙashin ya sauka a bakin tukunya, ƙwas. Aka yanka baƙin zakara a kan takalman Fataw, aka jefa su cikin tarin. Tsohon ya ce, "Yadda ka gani haka ka ɗauka." Fataw ya fito ƙafa ba takalmi yana washe baki. A hanya na ce masa wannan shirka ce tsagwaronta, ya ji tsoron Allah. Ya ce ba wanda ya tambaye ni. Ni kuma, jaki, na ɗauka damfara ce kawai aka yi masa, zakara ya tafi a banza.

Cikin shekara guda Fataw ya zama abin kwatance. Motar da kowa ya tofa wa yawu, wadda aka ja da igiya, ita yake saye da kuɗin ƙarfe. Da safe sai ka ji injinta yana kiɗa kamar yau ta sauka daga jirgi. Abin da ya saya dubu goma sha biyar ya sayar dubu ɗari da ashirin. Ya gina bene a Bulpiela, ya buɗe filin sayar da motoci, masu yi masa dariya a da suka koma riƙe masa ƙofa. Ni ya daina gaishe ni ma, me zai yi da fita?

Duk ranar gwanjo ƙaninsa Latif ne a kujerar gaba. Latif ɗan shekara ashirin da huɗu ne, ɗan ƙwallo, ƙirji kamar ƙofa. Da farko ya ce gwiwa ce. Sai furfura. Sai haƙora suka fara zuba. Kafin shekara biyu yana dogara sanda, likitoci suna juya takarda suna cewa ƙasusuwan ɗan saba'in suke gani. Ranar da muka wanke shi, mai wankan ya tambaye ni ko kawun Fataw ne. Fataw ya yi kuka a maƙabarta har da majina. Sati uku bayan nan na ga Zuweira a kujerar gaba, tana ɗaga mini hannu tana murna.

Abin da ya buɗe mini ido wata farar fikof ce. Shekara tara ina gyara ta lokacin tana hannun wata ƙungiya, na san ta kamar yunwar cikina, har da wani tabo da sifanata ta yi a kan injin. Ta ci kilomita dubu ɗari huɗu a hanyoyin ƙauye. Wanda ya saye ta a hannun Fataw tun Latif na da rai ya kawo mini canjin mai. Mitar da ke ƙirga tafiya ta nuna dubu ashirin. Wannan bai dame ni ba, kowane ɗan iska na iya juya mita. Amma da na buɗe injin, ga tabona nan, ƙarfen ciki kuwa fes, ko gogewa babu. Ƙarfe ba ya komawa yaro. Da la'asar na je Bulpiela na tarar da Zuweira tana ta fama da zare da allura ta kasa. Ɗankwalinta ya zame, na ga kai fari fat. Shekararta talatin da takwas.

Ta ce, "Yaya, ba komai fa, gajiya ce. Kullum sai in tashi kamar na taka daga nan zuwa Kumasi."

Nan take maganar tsohon nan ta faɗo mini. Ana sauke ta ne, a ɗora wani wuri.

Na sami Fataw a filin motocinsa, na shaƙe wuyan rigarsa a gaban masu saye. Ya ja ni bayan wata mota.

Na ce, "Ka sani?"

Ya kau da kai. "Tun Latif."

"Ka sani, ka ɗauki ƙanwata?"

"Masta, na gwada bare. Na ciyar da mutum wata guda, abin bai karɓa ba. Na koma Gbalahi, bukkar ma babu. Kuma ai ina lura da ita. Masu ƙaramar tafiya nake zaɓar mata, ban taɓa ɗora mata wadda ta wuce dubu ɗari biyu ba."

Kun ji fa. Yana lura da ita! Yadda nake auna mota, haka wannan la'anannen yake auna matarsa, yana duba saura nawa a jikinta. Na tofa masa yawu a fuska. Na koma na gaya wa Zuweira komai. Ta ce, "Yaya, ni tawa ta ƙare. Ka ɗauke Maltiti." Wata uku bayan nan muka binne ta.

Ranar sadakar uku na tafi da Maltiti gidana. Shekararta goma sha tara, tana makarantar koyon jinya. Na kafa doka biyu, ba ta shiga motar ubanta, kuma ko ruwan gidansa ba ya shiga bakinta. Ban gaya wa matata Hawawu dalili ba, kunyar abin nake ji. Wannan ma wani kuskuren nawa ne.

Da ya rasa mai zama a kujera, kasuwar Fataw ta tsaya cak. Idonsa na gwanjo dama bai taɓa gyaruwa ba, tarkace ya ci gaba da saye, tarkace suka ci gaba da zama. Shekara ta zagayo, aka yi Babbar Sallah. Mako guda bayanta aka sa wata tsohuwar bas a gwanjo, irin mai dogon zango, wadda ta haura kilomita miliyan. Ko masu yankan ƙarfe ja da baya suka yi. Fataw ya saya, don ya riga ya sami wanda zai biya shi kuɗin sabuwa.

Ran nan na dawo cin abincin rana ban ga Maltiti ba. Hawawu ta ce, "Babanta ya zo yana kuka, wai jiri yake ji, ta raka shi ya kai mota gida. Uba ne fa, Masta."

"Kin karɓi wani abu daga gidansa?"

"Soyayyen naman layya ne kawai ya aiko. Ta yaya zan mayar da naman layya? Ita ma ta ci, ta ce irin suyar mamanta."

Ban san lokacin da na hau babur ba. Na tarar da bas ɗin a kwanar Bulpiela, tana tafiya tana tari, saura layi biyu ta kai gidansa. Na sha gabanta na kwantar da babur a tsakiyar titi. Na fizge ƙofa. Maltiti na zaune a kujerar gaba, ta ce, "Kawu, ƙafafuna sun yi nauyi." Na sungumo ta na fito da ita. Mayafinta ya faɗi. Yarinyar da ta fita da safe da baƙin kitso, kanta ya yi fari kamar auduga.

Fataw ya leƙo ta taga yana ihu. "Dawo mini da ita! 'Yata ce! Saura kaɗan, Masta, mai saye na jira a gida!"

Na ce, "Allah ya isa tsakaninmu da kai."

Masu yalo-yalo, kekunan haya masu ƙafa uku, sun cika titi suna ta hon. Ya dube ni, ya dubi 'yarsa, ya dubi layin gidansa. Sai ya sa giya, ya taka babur ɗina ya wuce. Ina tsammanin ya lissafa cewa abin da yarinyar ta ɗauka ya isa. Ya shiga gida da kujerar gaba babu kowa. Ya manta akwai sauran mutum ɗaya a cikin motar da ke ci daga tukunyarsa.

Maƙwabta suka ce injin ya daina tari yana shiga ƙofa. Fataw ya sauko, bai kalli mai sayen ba, ya cire takalmansa ya ajiye su a jere, ya fita ya kama hanya. Shekara huɗu ke nan bai tsaya ba. Yau a gan shi a hanyar Savelugu, jibi a hanyar Yendi. An ɗaure shi da sarƙa, ƙafafun suka ci gaba da takawa a kwance har aka kwance shi. A tafe yake ci, a tafe yake gyangyaɗi. Benen Bulpiela da filin motocin duk an yi gwanjonsu, ina tsaye a wurin guduma ta faɗi, ban ɗaga hannu ba.

Maltiti tana nan gidana. Ta gama karatunta, amma ba ta iya tsayuwar awa ɗaya. Duk Juma'a Hawawu ke shafa mata baƙin rini, kafin wata Juma'ar farin ya ɓullo. Kwanan baya wani baƙo ya shigo ya durƙusa mata, ya ce, "Ina wuni, Mma," ya zaci uwata ce. Ta amsa masa da fara'a, ta shiga ɗaki, na ji kukanta ta bango.

To ku masu zumuɗin mota, masu son a wayi gari a ce wane ya yi kuɗi, ku buɗe kunne. Duk wanda ya ce zai mayar muku da tsoho sabo ba tare da gumi ba, ku tambaye shi wa zai ɗauki tsufan, kuma ku bari ya gama magana kafin ku ce kun saya. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne, kuma wahalar ba a kan mai kwaɗayin take farawa ba.

Jiya na wuce shi wajen Gbalahi, rana na dukan tsakar kansa, yana jan ƙafa yana barin jini a kwalta. Ya ɗago ya gane ni, ya miƙo hannu alamar in rage masa hanya. Sau ɗaya na taɓa ɗaukarsa a babur. Na ƙara mai na wuce.