Tsinken Tsintsiya

Da hantsi aka kira Sufeto: littattafai arba'in sun ɓace daga laburaren wata sakandare. Shugaban makarantar ya riga ya yanke hukunci. Mai kula da laburare ke riƙe da mabuɗi, in ba a gan su yau ba, a bakin aikinta.

Matar mai kula da laburaren ta yi bayani. Tantance buƙatun laburaren ake yi. Duk littafin da ya shekara biyar ba a buga masa hatimin aro ba, sai a ware shi a ƙona, a samu wurin sababbi. Daga wannan tulin aka ɗiba.

Sufeto ya leƙa kwalayen sababbin, ko ɗaya ba a taɓa ba. Wane irin ɓarawo ne zai tsallake sabo ya ɗauki abin ƙonawa?

Maigadi ya rantse ba wanda ya fita da kaya. Da aka matsa masa, ya ce sai dai kwandon shara, kuma wa ke binciken shara?

Mai sharar dattijo ne ranƙwafaffe. Ya ce shi da littafi sai kaɗe ƙura, ko sunansa bai iya rubutawa ba.

Sufeto ya ɗauki wani tsohon littafin taurari daga ragowar tulin. Tsinken tsintsiya ya faɗo daga shafin ƙarshe. Ya buɗe wani, tsinke. Ya bi kantoci yana zarowa: tarihi, lissafi, har ƙamus, kowanne da tsinkensa. Ya juya ga dattijon. Shi kansa Sufeto rabonsa da ƙare littafi ya manta.

"Baba, duka ka karanta?"

Dattijon ya dubi matar, wadda ke share hawaye. Ya jingine tsintsiyarsa.

"Saura kanta biyu, ranka ya daɗe. Shekara ashirin, a tsaye, bayan shara. Mai shara ba shi da katin aro, shi ya sa ba hatimi. Sai na ji an ce ba mai karanta su, za a ƙona. Ku ƙyale yarinyar nan, littattafan suna ɗakina a lulluɓe."

Kofur ɗin da ya rako Sufeto ya zaro ankwa. Sufeto ya girgiza kai, ya buɗe wa dattijon ƙofar gaban mota da hannunsa, don su je ɗauko littattafan.

Kafin Sufeto ya shiga, ya waiwaya. Ta taga ya hango matar ta jawo ragowar tulin gabanta, tana buga musu hatimi ɗaya bayan ɗaya.