Agogon Baban Auta

Mai gyaran wayar nan shi ya cuci kansa, kada wanda ya ɗora wa yarinyar laifi. Tun da ya fara neman Auta bai taɓa sauraronta ba. Sai dai ya tsaya ƙofar gida ya danna hon, ta fito, tana magana yana latsa waya.

A shagonsa ta taɓa zama tana kuka, ta gaya masa ciwo ya cinye idon Babanta, ko hasken fitila ba ya gani, kuma duk inda ta yi aure da shi za ta tafi. Ya ce, "Ayya, Allah ya sawwaƙe, Sahibata," idonsa na kan wayar da ya kwance.

Ranar da zai fara shiga gaida Baba ta roƙe shi, "Don Allah ka riƙo masa wani abu. Ba sai mai tsada ba, wanda dai zai ji daɗinsa."

"Bar ni da shi, Rabin Raina. Sai kin yi mamaki!"

Ta kuwa yi mamakin.

Baba na zaune a falo cikin rigarsa mai kyau, idanunsa a buɗe tar kamar na kowa. Saurayin ya durƙusa ya gaishe shi, ya miƙa ɗan akwati. Baba ya lalubi iska kafin ya kama. Auta ta buɗe masa. Agogon hannu ne ruwan zinari, sai sheƙi yake.

"Baba, duba fuskarsa," in ji saurayin. "Ko a duhu lambobin na haske."

Baba ya shafa gilashin da yatsa, ya kai kunne, bai ji komai ba. Ya yi murmushi.

"Allah ya yi albarka, ɗana. Auta, ɗaura mini... To, ƙarfe nawa ya ce?"

Ta gama ɗaura masa, ta kau da kai.

Da ta raka saurayin waje ta juyo ta dube shi.

"Na gaya maka ba ya gani! Da hawayena na gaya maka!"

"Wallahi na ɗauka ciwon ƙafa kika ce..."

"Ƙafa?"

"To ai sai a canja! Haba Sahibata, kin san tsadar abin nan kuwa?"

"Kai ka zaɓa?"

Ya sosa ƙeya. "Abokina na aika, aiki ya yi mini yawa."

Tana sonsa, wannan ba ƙarya ba ne. Ta kalli fuskar nan da take gani ko ta rufe ido, ta ji kamar ana yaga mata ƙirji. Ta juya ciki ba ko sallama.

Baba ya ji shesshekarta. "Kada ki rabu da shi saboda ni, Auta. Yaro ne, mantuwa ce."

"Bai manta ba, Baba. Bai ji ba ne tun farko. A gidansa fa zan ajiye ka... in ka faɗi a banɗaki kana kira, wa zai ji ka?"

Ta kwance agogon a hankali. Washegari da kanta ta ajiye masa shi a kan teburin shago.

Ya kira har ya gaji, ya turo manya, ya yi kuka a ƙofar gida. Ba ta fito ba. Bai sake ganin fuskarta ba sai a hoton aurenta da wani, a wayar da aka kawo masa gyara.