Laimar da Ta Sha Tauraro Biyar

A wani gari can, an yi wata mata mai tsananin kunya, ba ta iya kushe kowa.

Wata rana ta shiga kasuwar gwanjo ta cikin waya, ta fi kowa tayi, ta sayi laima. Aka kawo laima, ashe duk huji ce. Waya ta tambaye ta, "Tauraro nawa za ki ba mai kaya?"

Ta ce, "Haba, ai da kunya." Ta danna biyar, ta rubuta, "Madalla."

Ta sake sayen fitila wurinsa, fitila ta ƙi kamawa. "Haba, ai da kunya." Biyar, madalla.

Rannan ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, sai ga goggonta ta shigo sharkaf, riƙe da laima mai huji.

"Goggo, wa ya cuce ki haka?"

"Mutumin da kika yaba mana. Na ga madallarki, na ce 'yata ba ta ƙarya."

Matar ta lulluɓa mata zane, ta jawo waya, ta rage tauraro huɗu, ta rubuta, "Yana aikowa da wuri, amma laimarsa rariya ce."

Goggo ta leƙa ta ce, "Yau ina kunyar?"

"Tana nan, Goggo. Taki nake ji."