Wa'adin da Yazidu Ya Sa

Ku yaran yanzu ba ku da kunya, ba ku da tsoro. Duk abin da idonku ya gani sai kun ɗaga talho, wayar nan taku, kun ɗauki hoto, ko an ba ku izini ko ba a ba ku ba. To ku zauna ku ji abin da ya sami jikana Yazidu.

Yazidu na da ɗan shago a nan Gaya, kan hanyar gadar Malanbil. Direbobin kamiyo, manyan motocin kaya, ke kawo masa hotunan kayansu ya ajiye musu. Ba a cikin odinatarsa, wato kwamfuta, yake ajiyar ba, wai a wani rumbu ne can nesa, suna ce masa gajimare. Ni ban yi lakwal ba, ban san boko ba, amma ya yi mini bayani har na gane. Hotunan kamiyo suna da dosiyensu, wato jakarsu, daban, ya sa musu wa'adi. Duk hoton da ya cika wata guda, na'ura ce ke share shi da kanta. Sauran abin da ke rumbun ba ta taɓawa. A can ya ajiye muryar uwarsa, 'yata Rahinatu, saƙonnin da ta riƙa aiko masa kafin ta rasu. Ba mu da wani wurin jin ta sai nan.

Na ce masa, "Maigidana, wa'adi na Allah ne."

Ya ce, "Amarya, wannan na hoton buhun albasa ne. Ki bar wa'azi."

Wata magariba na ɗauki tuwo na kai masa, saboda kwana biyu ya daina zuwa gida cin abinci. Kamiyo jere a bakin hanya, ba direba ko ɗaya. Iska na kawo warin laka da ɗanyen kifi, alhali kogi da ɗan nisa daga nan.

Na same shi gaban odinatar. Bai kira ni amarya ba.

Da ƙyar ya faɗa mini. Wai ya ga wata mace a ƙarƙashin gada tana wankin farin zane, tsaye a tsakiyar ruwa, inda jiragen masunta ke wucewa, amma ruwan iya idon sawunta. Ya ɗauke ta bidiyo. Ta juyo ta ce, "Share ni." Ya yi dariya, ya tura rumbu.

"Daga baya na tsorata, na share da hannuna, Kaka. Da safe ya dawo. Na jefa shi dosiyen kamiyo, ya fito a wani dosiye. Shi ne ɗazu na sa wa'adi a kan rumbun gaba ɗaya. Duk abin da ya kwana, a share."

"Gaba ɗaya? Har muryar uwarka?"

Ya dube ni. Sai ya afka wa odinatar yana dannawa. Rezo, layin da ke haɗa shi da rumbun, ya ɗauke.

"Cire wa'adin mana."

"Ba ya ciruwa sai da rezo."

"To yaushe na'urar za ta share?"

Ya rage murya. "Ba ta faɗa. Tana zuwa lokacin da ta ga dama. Abin da ya riga ya tsufa duk ya wuce wa'adi. In ta share kuma ba ya dawowa."

Muka zauna muna kallo. Ba abin da na iya, ba abin da ya iya. Tuwo ya huce a hannuna.

Rezo babu, amma sunayen ajiyar da ke kan gilashin odinatar suka fara ɓacewa. Ɗaya. Sai wani.

Ya nuna mini bidiyon matar. "Dubi kwanan watansa, Kaka. Na yau ne. Jiya ma na jiya ya nuna. Ba ya tsufa. Wa'adi ba zai taɓa kama shi ba."

Na ji sanyi a tafin ƙafata. Ruwa ne ke shigowa ta ƙarƙashin ƙofa.

Warin laka ya cika shagon.

Sunan saƙon Rahinatu na farko ya ɓace.

Daga bayan ƙofa aka ce, "Inna."

Muryar 'yata. Har da ɗan dashewar da take yi in ta tashi daga barci.

"Inna, kin ci abinci?"

Bakina ya buɗe da kansa. Na cusa bakin mayafina a ciki na cije.

"Yazidu. Ɗana."

Na kai hannu in toshe bakinsa. Na makara.

"Na'am," ya ce.

Ƙofa ta buɗe a hankali. Ban ɗaga kai ba. Gefen farin zane na gani, yana ɗiga.

Na ja hannun yaron. Nauyinsa kamar jiƙaƙƙen buhun shinkafa. Bai motsa ba.

Zanen ya taɓa gwiwata.

Da rarrafe na fita, ina karanta abin da na iya, ba takalmi, ba kwano. Halidu mai kabu-kabu ne ya tsince ni a bakin hanya. Shi ya tara maza suka shiga. Sun tarar da ƙasa a bushe, Yazidu na zaune, rezo ya dawo. Rumbun wayam, sai bidiyo ɗaya. Yana nan har yau, ba wanda ke buɗe shi.

Yazidu lafiyarsa ƙalau. Yana ci, yana salla, yana aikinsa. Ya san ni, ya san direbobinsa, ya san hanyar gida.

Da ya warware na ɗauko hoton Rahinatu daga bango na sa masa a hannu. Ya daɗe yana dubawa, cikin ladabi, kamar yadda ake duba hoton baƙo.

"Wace ce, Kaka?"

"'Yata ce. Ta rasu."

"Allah ya jiƙanta," ya ce, ya miƙo mini. "Ta bar 'ya'ya?"