Kujera Ɗaya, Tikiti Biyu

Ranar da Imas ta fara ganin Galih, abincin rana ta kai wa mahaifinta, Abah, mai sayar da tikiti a tashar motar garin Garut. Ta tarar da wani dogon saurayi durƙushe ƙarƙashin teburin Abah yana laluben wayoyi. Kamfanin motocin ne ya turo shi daga Bandung, shi ke kula da manhajar sayar da tikiti. Garin ɗagowa ya kalle ta ya gwara kansa da tebur. Ta kasa riƙe dariya.

Daga nan sai ga shi Garut duk ƙarshen mako, wai duba na'ura. Yana ce mata Neng, tana ce masa Aa, kamar yadda saurayi da budurwa ke kiran juna a can.

Ana cikin haka aka fara samun fasinja biyu riƙe da tikitin kujera ɗaya, kuma kullum ɗayan daga teburin Abah ya fito. Kamfani ya dakatar da shi. Dattijon da ya tsufa a tashar ba a taɓa jin kansa da kowa ba, sai ga shi ana nuna shi da baki a kasuwa. Ya ce kada yaron na'urar nan ya ƙara taka masa ƙofa. Ga Deden, ɗan maƙwabcinsu mai shagon taya, ya daɗe yana jiran a ba shi Imas.

Galih kuwa ya yi ɗif. Deden ya ce wa Imas ai ɗan kamfani bayan kamfani zai bi. Abinci ya daina shigar mata.

Wata safiya tana shanya saƙo ya shigo:

"Neng tawa, kunya ce ta hana ni magana ba tare da hujja ba. Na kama matsalar. Abah ba shi da laifi. Ki roƙar min shi minti kaɗan."

Ta bar shanyar, ta tafi roƙon Abah.

Abah ya karɓe shi a tsaye. Galih ya buɗe kwamfuta ya yi bayani a hankali. Na'urori biyu ke riƙe da lissafin kujeru, ɗaya a Bandung, ɗaya a Jakarta. Idan mai saye ta waya da Abah suka taɓa kujera ɗaya cikin ƙiftawar ido guda, kowace na'ura sai ta ga babu kowa, ta sayar kafin ta ji daga 'yar'uwarta. In an zuba ido ba ya faruwa, shi ya sa sai da ya ƙirƙiri dubban masu saye na ƙarya ya saka su rububin kujera ɗaya, sannan abin ya bayyana.

"Wa ya rubuta wannan wurin a manhajar?" in ji Abah.

"Ni ne, Abah. Haka na gaya wa manya jiya. Sun rage min matsayi, amma gobe za su kira ka ka koma aiki."

Abah ya jawo masa kujera. Sannan ya ce, "Zauna, Jang, yarona. Imas, kawo masa shayi."

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura aure. Suna zaune ƙarƙashin laima, iyaye mata na watsa musu shinkafa da alewa, Abah ya dafa kan Galih.

"Da ka yi shiru, ba mai sani. Ga Imas nan. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya."

"Amin," in ji Imas, ta sauke numfashi, ta bar hannunta cikin na mijinta.