Amfiya Tamanin da Biyu

Ranar da Hamna ta fara ganin Suhail, hannunsa na cikin saniya har kafaɗa. Ta toshe hanci da mayafi.

Ruwan naitirojin mai tsananin sanyi ta zo nema. Digiri na biyu take yi a kan wata waya da in an sanyaya ta sosai, lantarki ke wucewa ba ta yi zafi ba, sai in an wuce iyakarta. Iyakar take aunawa da amfiya, ma'aunin ƙarfin lantarki. Shi kuma likitan dabbobi ne, da ruwan yake adana maniyyin bijimai don yi wa shanu barbara.

Sau uku ya wanke hannu kafin ya zuba mata. Daga nan duk Litinin shi ke kai mata, har suka saba, soyayya ta shiga.

Mahaifinta, Alhaji Hammanjoda, da ya ji sana'ar yaron sai ya tofar da yawu, ya ce mutumin da ya ƙwace wa bijimi aikinsa ba zai shigo masa gida ba. Ya fi son Dakta Jamil, malaminta, wanda shi ma ya zo neman aurenta.

Awonta ya tsaya a amfiya tamanin da biyu. Jamil ya ce ta rubuta ɗari da arba'in, ba mai dubawa. Ta ƙi, ya canza da hannunsa. Tun daga ranar ko ƙamshin turarensa ba ta son ji.

Suhail ya ji Jamil na neman aurenta, ya turo saƙo: "Hamnata, in Dakta kike so, na janye."

Ta amsa: "Likitana, warin garkenka ya fi min shi. Kawo ruwa gobe."

Ranar jarrabawa, baƙon farfesa ya ce a gwada a gabansa. Ana wuce casa'in wayar ta ƙone, ƙauri ya cika ɗakin. Nan take Jamil ya ce ɗalibar ce ta yi ƙarya. Hamna ta miƙa littafin awonta, inda ta rubuta tamanin da biyu. Farfesan ya karanta, ya dubi Jamil, ya ja tsaki.

Da labari ya isa gidansu a Barade, Alhaji ya dubi Hamna, ya ce:

"Mutumin da zai tozarta ki don ya tsira na so ba ki? Kira min mai shanun."

Bayan sallah aka ɗaura aure. Alhaji ya riƙe hannun Suhail, ya ce, "Ga amana. Allah ya yi muku albarka."